Na daina zuwa sujada tun rasuwar maigidana, ina neman shawara

Mai tambaya: Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Kristi. Ni 'yar Zumuntar Mata ce tun ina amarya, kuma a ikilisiyarmu ta gida, can wajen Kafanchan, babu biki ko makokin da ba a ga tukunyata a kan murhu ba. Mu ne masu daka, mu ne masu rabon abinci, mu ne muke kwana muna waƙa tare da iyalin mamaci. Da aiki ya kawo maigidana Kaduna, sai muka shiga wata babbar majami'a, ina ba da zakka da baiko, na ɗinka zanen zumunta, ba na fashin taron mata. Da ya kwanta jinya, ba a leƙo mu ba sai jefi-jefi, bayan jana'iza kuwa sai shiru. Yanzu ina sauraron wa'azi a waya ranar Lahadi, ina karanta wa yarana Littafi Mai Tsarki, amma babbar 'yata ta fara tambayar dalilin da ya sa na hana ta makarantar Lahadi. Shin zunubi nake yi?

Wani dattijo: 'Yata, Allah ya ta'azantar da ke, amma ba zan ɓoye miki gaskiya ba. Ibraniyawa 10:25 ya gargaɗe mu kada mu bar taruwa, kuma waya ba za ta miƙa miki jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada don tunawa da mutuwar Kristi. Ki duba Ayyukan Manzanni sura 6: a Urushalima ma an yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci, wato matan da mazansu suka rasu, a rabon yau da kullum, amma ba su watse ba, magana aka kai gaban manzanni har aka zaɓi mutum bakwai. Kin taɓa gaya wa fastonku?

Wata uwa: Baba, faɗa da baki yana da sauƙi. Lokacin da shagona ya ƙone, sanarwa kawai aka yi bayan wa'azi, amma da aka zo gudummawar ginin gidan fasto, har ƙofar ɗakina aka kawo ambulan. Har yau abin yana ci mini rai.

Wani matashi: Mama, ki nemi ƙaramar ikilisiya a unguwarku inda ake sujada da Hausa, domin a babban taro mutum yakan ɓace ba a sani ba.

Dattijon: Wannan shawara ce ta gudu, ɗana. Matiyu 18:15 ya ce a fara samun wanda ya yi laifin a keɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya saba sauya majami'a saboda ɓacin rai ba ya zama ko'ina.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma ni ce na yi rashi, ban ga dalilin da zai sa in bi mutane ina roƙon gaisuwa ba. Fasto shi ne ya binne mijina, ya san hanyar gidana. Kuma ban rabu da Allah ba, addu'ata ta fi ta dā yawa.

Wata uwar: To yarinyar fa? Ko maƙwabciya ba za ta riƙa tafiya da ita ba?

Mai tambaya: Idan ta je, za su tambaye ta ina nake, ni kuwa ba na son a sa yarinya a tsakiyar wannan magana.