Littafin dodannin nan: tarbiyya ne ko ɓata yara?

Maman Iman: Salamu alaikum iyaye. Iman ta dawo daga makaranta da wani littafin hotuna, Where the Wild Things Are na Maurice Sendak. Ni dai ban ga tarbiyya a ciki ba. Yaro Max ya sa kayan kyarkeci ya hargitsa gida, uwa ta tsawata masa, ya ce zai cinye ta. Aka kora shi ɗaki ba abincin dare, ƙarshe sai ga shi sarkin dodanni. Wannan ai koyar da rashin kunya ne.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya, a sake duba hotunan. Na farko ɗan ƙarami ne, fari ya kewaye shi. Fushin yaron na hauhawa, hoto na faɗaɗa, har daji ya tsiro a ɗakinsa. Inda yake rawa da dodanni, shafi shida cur babu kalma ko ɗaya. Da ya huce, hotunan suka koma raguwa. Dodannin nan fushinsa ne, kuma da ya kafe su da ido ko ƙiftawa babu suka yi laushi.

Baban Sadiq: Malam, wannan fassararku ce ta malamai. Ɗan shekara huɗu ƙaho da haƙora kawai yake gani.

Anti Rahila: Haba Baban Sadiq! Mu da aka raina da Gizo, sarkin ƙarya da cuta, da Dodo mai haɗiye mutane, wa ya lalace a cikinmu? Shi Sendak ma daga danginsa ya kwaikwayo fuskokin, masu zuwa ziyara suna jan kumatunsa.

Maman Iman: Amma Gizo yakan sha kunya a ƙarshe, Anti. Wannan ko haƙuri bai ba uwarsa ba.

Malam Sabo: Nan kam kin yi gaskiya, bai bayar ba. Sai dai ki lura, da ya zama sarki hukuncin uwarsa ya yanke wa dodannin: su kwanta ba abinci. Sai kaɗaici ya kama shi, ya jiyo ƙamshin girki daga nesa, ya bar sarautar ya komo. Ya tarar da abincinsa a ɗaki, da zafinsa. Uwar ba a zana ta ko sau ɗaya ba, abincin nan ne fuskarta.

Baban Sadiq: To amma a 1963 da ya fito a Amurka ma an yi ta ƙorafi yana tsorata yara.

Malam Sabo: An yi. A 1964 kuma ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littafin hotunan yara mafi fice na shekara a Amurka.

Maman Iman: Lamba ba ta raino, Malam. Zan karanta mata, amma a wurin "cinyewar" zan tsaya mu yi magana. Kuma duk ɗan da ya faɗa mini haka a sanyin Jos ɗin nan, wallahi tuwonsa da sanyi zai ci shi.