Muhawara: Shin kallon gasar waƙa a talabijin yana ƙarfafa zuciya?

Malama Hadiza: Ina da yaƙinin cewa yana ƙarfafawa, domin a kaina abin ya faru. Na shafe shekaru ba na iya buɗe baki a gaban jama'a, ko da a taron wurin aiki ne, har ranar da na kalli fitowar Susan Boyle a gasar Britain's Got Talent ta 2009 a Birtaniya. Shekarunta 47 a lokacin, kuma tun kafin ta fara rerawa mutanen zauren suka soma yi mata kallon raini saboda shigarta da shekarunta. Muryarta ta burge ni, amma abin da ya ratsa ni shi ne ta ga ana raina ta, ba ta ja da baya ba. Bayan mako guda na ɗaga hannu a taro, muryata tana rawa, na faɗi abin da ke raina.

Malam Bashir: Malama, ban ƙaryata ki ba, sai dai ina ganin motsin rai ne aka tsara domin ki ji shi. Masu shirya irin waɗannan gasa suna tantance mawaƙa kafin su hau dandamali, su ne kuma suke zaɓar fuskar da za a haska da kiɗan da zai raka hawaye. Ki tuna Susan ta zo ta biyu ne, bayan rukunin 'yan rawa na Diversity, kuma washegarin zagayen ƙarshe aka kwantar da ita a asibiti a Landan saboda tsananin gajiya. Wannan ɓangaren ba shi mutane ke tura wa juna ba.

Hajiya Rabi: Malam Bashir, faɗuwa a gasa ba ta soke darasin. Jennifer Hudson ta ƙare a matsayi na bakwai a gasar waƙa ta American Idol ta Amurka a 2004, amma a 2007 ta karɓi Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Ni fitar da ita da ci gabanta su ne suka fi koya mini juriya, fiye da nasarar wadda ta lashe gasar.

Malam Bashir: Hajiya, mutum ɗaya ce cikin dubbai. Ina waɗanda aka nuna su domin a yi musu dariya kawai? Mai kunya da ya ga alƙali yana wulaƙanta wani a gaban duniya, ai tsoronsa ƙaruwa zai yi.

Hajiya Rabi: A nan kana da gaskiya, kuma abin yana damuna. Shi ya sa na fi son tsarin The Voice, wanda aka fara a Holan a 2010, inda alƙalai ke juya wa mawaƙi baya, su yi hukunci da kunne kafin su ga fuska.

Malama Hadiza: Malam Bashir, na san labarin asibitin, kuma bai rage komai a wurina ba, sai ma ya tabbatar mini cewa tsoronta na gaske ne, irin nawa, kuma da shi ta hau dandamalin. Ana iya tsara haske da kiɗa, amma ba wanda ya tsara mini ɗaga hannu a wancan taron. Tun daga ranar ina magana a taro, ko da yake har yanzu gabana yana faɗuwa kafin in miƙe.