Musayar Waƙa: An Kama Birni, Sai Kuma Me?

Malam Na-Agege:
Salamu alaikum. Gwamnatin da ta tura soja ƙasar waje, yaushe za a ce ta ci yaƙin? Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da bai taɓa gazawa ba.
A 2003 Amurka ta faɗa wa Iraƙi,
Sati uku, Bagadaza ba ta tsaya ba.
An tuge gunkin Saddam a dandali,
Aka ce an gama, alhali ba a fara ba.
Bremer, kantoman Amurka, ya zo a watan Mayu da alƙalami,
Ya rushe sojan Iraƙi, bai bar ko bataliya ba.
Dubun dubatar maza suna zaune a gida,
Ba albashi, ba a kuma karɓe bindiga ba.
Sai ga Mosul a 2014 hannun Da'ish,
Wa zai ce ba a nan aka yi shukar ba?

Baba Tsohon Soja, Obalende:
Malam, ka tafi Gabas da nisa,
Zo in kai ka kusa, Laberiya.
Agustan 1990 jirgin ruwa ya sauke mu,
ECOMOG ne, rundunar ECOWAS, yawancinmu 'yan Najeriya.
Tashar jirgin muka fara riƙewa,
Harsashin Taylor, madugun tawaye, na zuba dare da safiya.
A Satumba ɗan tawaye Prince Johnson ya kama Shugaba Doe,
Ya kashe shi, gari ya cika da hayaniya.
Kwamandanmu Dogonyaro ya zo ya tura mayaƙan Taylor bayan gari,
Aka sami numfashi a Monrobiya.
Shekara bakwai ana ƙullawa ana kwancewa,
Kotonu, Akosombo, Abuja, duk yarjejeniya.
Zamanin Kwamanda Malu muka karɓi makamai,
Yaro ya miƙo bindiga, tsayinsu ɗaya.
1997 aka yi zaɓe, Taylor ya lashe,
Muka naɗe kaya, muka ce an sami lafiya.
Shekara biyu wuta ta sake kamawa,
Har yau abin na ci mini zuciya.

Hajiya ta Idi-Araba:
Baba, Allah ya jiƙan abokan tafiyarka,
Da suka kwanta can nesa da dangi.
Amma yaron nan da ya miƙo maka bindiga,
Me aka miƙa masa, allo ko jari?
Dubi Saliyo: Maris 1998 kun mayar da Shugaba Kabbah,
Aka kori sojan da suka yi juyin mulki.
Janairun 1999 'yan tawaye suka shigo Firitawun,
Suna datse hannuwa, suna ƙona gari.
Sai da aka kira su ɗaya bayan ɗaya,
Aka rubuta suna, aka koya musu aiki.
Sama da dubu 70 suka ajiye makami,
A 2002 Kabbah ya ce an rufe babin yaƙi.
Wasu kafinta, wasu tela, da yawa acaɓa,
A Bo da Kenema suna jigila kan titi.
Ni uwa ce, na san saurayi marar sana'a,
Wanda ya ciyar da shi, shi zai bi.

Ɗan Albasa, Mile 12:
Baba da Hajiya, ku gafarce ni,
Yaro ne ni, amma ina da tambaya.
Gina ƙasa kuɗi yake ci, wa zai biya?
Ba na jin masu ganga suna ba da amsa.
Daga 1948 Amurka ta tallafi Turai,
Dala biliyan 13 ta ta da masana'anta.
Mu fa a 2023, da aka hamɓarar da Bazoum,
ECOWAS ta ce za ta shiga Nijar da soja.
An yanke musu lantarki, an rufe boda,
Motoci suka yi cirko-cirko a Illela.
Mu muka ji a jika a nan kasuwa,
Ba a harba ko ɗaya ba, an sha wahala.
Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya,
Wa zai ɗinke su in jini ya zuba?

Baba Tsohon Soja, Obalende:
Ɗana, tambayarka ta manya ce,
Bari in ƙarasa maka zancen Laberiya.
Agustan 2003 sojanmu suka sake sauka,
Taylor ya taho Kalaba, ya bar Monrobiya.
Wannan karon ba a yi saurin naɗe kaya ba,
Aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya.
An karɓi makami, an sake horar da 'yan sanda,
2005 mace ta ci zaɓe, Sirleaf ta hau kujera.
Sai 2018 sojan Majalisar, masu hular bula, suka tashi,
Shekara 15 suna gadin zaman lafiya.
Masu cewa a tafi Yamai a wancan lokaci,
Ban ji wanda ya yi wannan lissafin ba, ko ɗaya.