Gasar tara wa ɗalibai tallafi: taimako ne ko riya?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Wannan shawara ta gasar bayarwa tsakanin tsofaffin ɗalibai da ake ta yi wa tafi, a tsaya a dube ta. Daga Amurka aka kwaso ta: jami'ar Columbia ta fara tata a 2012, Purdue a 2014. Awa 24 ake warewa, a kafa allon sakamako a intanet, kowace tsangaya ta taso 'ya'yanta, wadda ta zo ta ɗaya a ƙara mata daga kuɗin da wani attajiri ya ajiye. To ina kuɗin ke tafiya? Tsangayar da ta yaye likitoci da lauyoyi ce za ta lashe, alhali yaron da ake shirin rufe wa shafin rijista yana tsangayar ilimi, wadda 'ya'yanta malaman makaranta ne masu jiran albashi. Mai shi ake ƙara wa. Ga riya kuma.

Maman Ummi: Riya? Yaya, zuciyar wa ka buɗe ka gani?

Malam Na Bakin Kasuwa: A yi hattara da kalmar nan. Aya ta 271 a Baƙara ta yabi sadakar bayyane, ta ce ta ɓoye ta fi. Ba ta hana ba. Sayyidina Umar ma ya kawo rabin dukiyarsa da niyyar ya wuce Sayyidina Abubakar, sai ya tarar shi duka ya kawo.

Ɗan Zariya: Allah gafarta Malam, su ba a manna sunansu a allo da adadi a gefe ba.

Maman Ummi: Aji allon yake nunawa, wato waɗanda suka gama a shekara ɗaya, ba mutum ba. Kuma a fom ɗin biya akwai wurin da za ka zaɓi a ɓoye sunanka.

Ma'aji: Ni dai lissafi na sani. Iri biyu ake ƙirgawa: yawan kuɗi, ko kason waɗanda suka bayar. Aji mai mutum 40, in 20 suka ba da ko da dubu ɗaiɗai, ya sami kashi 50. Aji mai 400 ko 100 suka bayar, 25 gare shi. Inda ake cuta: mutum ɗaya ya raba dubu 50 gida goma da sunayen abokansa. Maganinsa a sa mafi ƙarancin abin da za a ƙirga, a haɗa kowane biya da lambar rijistar mai shi, kuma asusun da kuɗin ya fito ya dace da sunan. Alkawari ba ya hawa allo sai banki ya nuna shigarsa, don masu "a rubuta mini miliyan" ranar biya wayarsu a kashe take.

Ɗan Zariya: To wannan "a rubuta mini" ɗin mene ne sunansa in ba riya ba?

Malam Na Bakin Kasuwa: Saɓa alkawari. Babinsa daban.

Ɗan Zariya: Mu dai 'yan ABU tun 1962 ake taimakon na baya ba tare da kiɗa ba.

Maman Ummi: An fara. Wa ya tambaye ka shekarar? Gidauniya nawa ka tara?

Ɗan Zariya: Ranki ya daɗe, ba da ƙanne nake magana ba. BUK ɗinku sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a.

Ma'aji: Don Allah ku bari. Kada a tara a asusun mutum ɗaya, nan zargi ke farawa. A yi wa ƙungiya rijista da amintattu a CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a buɗe asusu da sunanta, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi ya fita. In ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, za a karɓa, suna cire kashi 1.5 da naira 100, ba ya wuce 2,000 a biya ɗaya, a sa wannan a lissafi tun farko. Kada a damƙa wa ɗalibi tsaba: ya ciro lambar biyan kuɗin makaranta, wato RRR ta shafin Remita, a biya kai tsaye, a ajiye rasit. A kuma tambaye shi ko NELFUND, hukumar ba ɗalibai rance, ta riga ta biya masa, kada a biya sau biyu a koma bin makaranta bashi.

Maman Ummi: Kuma ba a ɗora hoton yaro ana miƙa masa ambulan. Wannan kam tozarci ne.

Ɗan Zariya: Alhamdu lillahi, kin dawo hanya.

Maman Ummi: Tozarci na ce, ban ce riya ba. Koma ka karanta.

Shugaban Zaure: To, an tattauna sosai. Abin da na fahimta: Malam ya kawo hujja, maganar riya ta faɗi, kowa ya amince a yi gasa. Da kason masu bayarwa za a ƙirga, aji da aji. Baban Khalifa, a riƙa tauna magana kafin a furta.

Ɗan Zariya: Wane "kowa"? Kuma Shugaba, ajinku ba ku ne ba ku kai hamsin ba?

Shugaban Zaure: An rufe zaure sai bayan isha'i.