Shawarar da na tsinta a majalisa kan gugar zana

Jiya a majalisarmu nan ƙauye kusa da Ringim na kawo maganar labarin gugar zana da nake son rubutawa kan Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan. Wani malamin firamare ya ce in lura da marubuci Mark Twain na Amurka, yadda a 1901 ya caccaki 'yan mishan a ƙasar Sin da yaƙin Amurka a Filifin, wato ka bar azzalumi ya yabi kansa har mai karatu ya gano shi, ba sai an yi zagi ba. Kawu kuma ya dage in san tarihi tukun, cin Kano 1903, yaƙin Haɗeja 1906, banda kame-kame. Shawarar yayana ce ta fi tsaya min wallahi, ya ce habaicin ya tsaya kan masu mulki da harajinsu, kar ya taɓa maƙwabtanmu Kiristoci da muke cin kasuwa ɗaya.