Ta Ina Za a Faro Labarin Tashin Saurayi a Adabin Sobiyet?

Tambayar da aka tattauna ita ce daga ina mai nazarin labaran tashin saurayi a adabin Sobiyet, wato labaran yadda yaro ke girma ya zama mutum, zai faro. Galibin masu tattaunawar sun ce kada a tsaya kan 1934, shekarar da taron marubutan Tarayyar Sobiyet ya ɗaure wa salon gurguzu gindi, don tushen ya girme shi.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da littafin marubucin Rasha Maksim Gorki, "Uwa", na 1906. A cikinsa, Pavel Vlasov, ɗan ma'aikacin masana'anta, ya bar giya ya rungumi haramtattun littattafai, har uwarsa ta bi sahunsa. Wasu suka ce a ƙara ja baya zuwa littafin marubucin Rasha Cernishevski na 1863, inda wani matashi a labarin, Rakhmetov, ya kwana kan ƙusoshi don horar da kansa. Wanda ya ce a faro daga marubucin Jamus Goethe bai samu magoya baya sosai ba, kuma a ganina an ɗan ƙware shi.

Sai marubucin Sobiyet Ostrovski, wanda ya rubuta labarin Pavel Korcagin yana kwance, makaho. A nan, in ji su, a lura da babban ɗan jam'iyyar gurguzu na cikin labarin mai saita zafin kan yaron.