Mai ciki da gyaɗa: wa aka taɓa hanawa?

Maman Safiya, Gadarif a Sudan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata biyar. Ƙanwar maigidana da ke Ingila ta bugo waya, wai in daina cin gyaɗa kada yaron ya zo jikinsa ba ya karɓarta. Ni kuwa salatin dakwa, na tumatir da niƙaƙƙiyar gyaɗa, kaɗai ke zama mini a ciki yanzu. Akwai wadda aka taɓa faɗa wa haka?

Inna Hajiya, Mai Wurno: 'Yata, haihuwata tara, duk da kunun gyaɗa na yi jegonsu. Ci abinki.

Ummu Bashir, Kasala: Ni ungozoma ce. Maman Safiya, ba ƙarya ƙanwar maigidanki ta yi miki ba, tsohon zance ta riƙe. A 1998 hukumomin lafiya na Ingila sun ce mai ciki ta guji gyaɗa in akwai mai irin wannan larura a gidan, sai suka janye maganar a 2009. A 2015 kuma wani bincike mai suna LEAP a Landan, kan jarirai 640, ya nuna waɗanda aka fara ba su gyaɗa kafin su cika shekara, larurar ta ragu musu da kusan kashi 80 cikin ɗari. In ke gyaɗa ba ta tayar miki, ci. Wadda nake hanawa ita ce mai funfuna ko mai ɗaci, gubarta hanta take taɓawa.

Maman Yasir, Sinnar: Ni ƙwayar gyaɗar ce ta ba ni tsoro. Yasir yana shekara biyu ya tsinci soyayyar gyaɗa ƙarƙashin tabarma, muna shan jabana, wato gahawa. Ya shaƙe, ya yi tari, ya lafa, muka ɗauka ta wuce. Kwana goma yana numfashi kamar usur, ashe rabin ƙwaya ce ta maƙale a hanyar huhu, da bututu aka ciro ta. Ƙannensa niƙaƙƙiya nake dama musu a kunu tun wata shida, ƙwaya kuwa sai sun kai shekara biyar.

Zainabu, Umdurman: Inna, a gafarce ni, amma larurar akwai ta. 'Yata tun tana jaririya fatarta ke bushewa tana ƙaiƙayi. Yajin agashe, tsiren nan mai garin gyaɗa, ta lasa a yatsan babanta, nan take leɓe ya kumbura, jiki ya yi borin jini. Mai irin fatarta a fara kai shi wurin likita kafin a ɗanɗana masa.

Maman Safiya: Allah ya saka da alheri. Na tura wa ƙanwar maigidana, ta ce sai ta tambayi likitarta. Ni dai na aiki yaro sayen tumatir da lemun tsami.